Tarihin Keke da Hanyoyinsa a Ƙasar Tabkuna: Magariya da Dungas

Yau hirarmu ta tarihi ce. Za mu ɗauko tarihin wani abu da ke jingine a zauren gidaje da yawa, wanda sabo ya sa muka daina ganinsa. Wannan abu shi ne keke. Wasu na ce masa belo, tsofaffi na ce masa basukur, masu kirari kuma na ce masa dokin ƙarfe.

Ga abin da ya jawo wannan hira. Ran nan, bayan mun tashi daga karatu a wani ƙauye na ƙasar Waca, wani dattijo cikin ɗalibaina ya tsai da ni. Ya ce: "Malam, hanyar da muke bi zuwa kwari ta tsuke. Na gabas ya ci taku guda, na yamma ya ci taku guda. Jiya na ɗauro rake a keke, sai da na kwance shi kafin in wuce." Na ce: "Baba, tun yaushe ake bin hanyar?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce: "Na tarar da ita."

To, abin da mutum ya tarar, in bai san yadda aka yi ya samu ba, ba zai san ranar da zai rasa shi ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwaya.

Ƙasar da muke magana a kanta

Gundumar Magariya da ta Dungas suna kudancin jihar Damagaram, a bakin iyakar Najeriya. Da can gunduma ɗaya ce. A shekarar 2011 aka raba ta biyu. Magariya ta riƙe Bande, Ɗancawo, Kwaya, Sasumburum, Waca da Yekuwa. Dungas ta ɗauki Dogo-Dogo, Guci da Malawa. A ƙidayar 2012 an sami mutum fiye da 570,000 a Magariya, fiye da 350,000 kuma a Dungas. Wannan yanki yana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a duk faɗin Nijar.

Me ya tara su? Ruwa. Nan ne ruwan sama ya fi sauka a jihar Damagaram, wajen milimita 500 zuwa 600 a matsakaiciyar damina. Ban da haka, ga Korama, wadda ta taso daga wajen Kance da Matamai, ta ratsa ƙasar Bande, ta yi gabas wajen Waca da Guci. Korama ba kogi ba ce irin Kwara mai gudu shekara duka. Jerin kwaruruka ce da tabkuna tsakanin tuddan rairayi. A cikin kwari ruwa yana kusa, mutum ya haƙa gaba ɗaya ko biyu sai ya same shi. Nan ake noma rake, rogo, dankali, albasa, kabeji, tumatir da tattasai. Nan dabino da goruba suke. Wasu tabkunan na da kifi, wasu na fid da kanwa. Wani Bature matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya iso Damagaram daga gabas ran 25 ga Disamba 1852, ya ba da labarin tabkuna biyu da ya gani a kan hanyarsa kusa da juna, ɗaya ruwan daɗi, ɗaya na kanwa.

Ku riƙe wannan siffa da kyau, don duk tarihinmu a kanta yake. Albarka tana cikin kwari, kasuwa tana kan tudu, tsakaninsu kuma rairayi ne. Aikin mutanen ƙasar nan tun fil azal shi ne fid da kaya daga kwari zuwa kasuwa.

Kafin keke

Hanyoyin nan sun girmi keke nesa ba kusa ba. Dungas da Waca da Mirya tsofaffin sarautun Sosebaki ne. Yammacin ƙasar kuwa, wajen Yekuwa da Magariya, jininsa ɗaya da Daura. Lokacin da jihadi ya fid da Sarkin Gwari Abdu daga Daura a farkon ƙarni na 19, gidansa ya yo arewa, ya zauna a Yekuwa, daga baya zuriyarsa suka kafa sarauta a Zango da Baure da Magariya. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ƙasashen nan suna ƙarƙashin Damagaram.

A wancan zamani ƙafa ce mota, jaki ne babbar mota. Fatake na bin hanya daga Damagaram zuwa Kano da jakai da takarkarai. Ayarin raƙuma na sauko da gishirin Bilma, su koma da hatsi da tufafi. Ƴan koli na ɗaukar kaya a ka daga kasuwa zuwa kasuwa. Duk wanda ya san tafiyar jaki ya san ba ya son nisa da ruwa, saboda haka hanyoyin suka riƙa bin bakin tabkuna, daga rijiya zuwa rijiya, daga inuwa zuwa inuwa. Sun kuma riƙa neman inda ƙasa ke da ƙarfi, suna kauce wa tudun rairayi mai laushi. Abin da jaki ya zaɓa da kofatonsa, shi keke ya zo ya gada da tayarsa.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899. Daga nan suka yi ta ciniki da Ingilishi a kan inda iyaka za ta bi. Aka yi yarjejeniya a 1904 da 1906, sa'an nan tsakanin 1906 da 1908 wani kwamiti ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ya bi ƙasa yana kafa alamu. Magariya ta faɗa hannun Faransa, Zango da Baure suka faɗa hannun Ingila. Gida ɗaya ya zama ƙasa biyu. Manyan hanyoyin mota na farko kuwa, kakanninmu ne suka share su da aikin tilas, da kwando da fartanya, har zuwa Afrilun 1946 da doka ta soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulki.

Inda keke ya fito

Shi kansa keke ba tsohon abu ba ne a duniya. A 1817 wani Bajamushe, Karl von Drais, ya ƙera keken katako mai ƙafa biyu, ba shi da feda, mahayi ne ke tura ƙasa da ƙafafunsa. A shekarun 1860 maƙeran gidan Michaux a birnin Faris suka sa feda a ƙafar gaba. Daga nan aka yi ta ƙara girman ƙafar gaba don gudu, har mahayi ya zama kamar yana kan raƙumi, in ya faɗi sai karaya.

A 1885 wani Baturen Ingila, John Kemp Starley, ya fito da keke mai ƙafafu kusan daidai da juna, da sarƙa mai juya ƙafar baya. Wannan shi ne keken da muka sani. A 1888 wani likitan dabbobi, John Boyd Dunlop, ya yi taya mai iska don ɗansa ya ji daɗin hawa. A 1891 ƴan'uwan nan na gidan Michelin a Faransa suka yi tayar da ake iya cirewa a yi mata faci a mayar. Kamfanin Peugeot ya fara ƙera keke a 1882. Kamfanin Raleigh, wanda muke kira Rali, ya tashi a ƙarshen shekarun 1880 a birnin Notingham na Ingila.

Ku lura da lissafin nan. Ranar da Faransawa suka shiga Damagaram, keke mai sarƙa shekararsa 14 kacal a duniya.

Gyaɗa ta sayi keke

Da fari keke kayan Turawa ne da ma'aikatansu: tafinta, masinja, malamin lekol, ma'aikacin asibiti. Talaka sai kallo. Abin da ya sauko da shi hannun manomi shi ne gyaɗa.

Layin dogo ya iso Kano a 1911. Tun daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe a can. A 1930 jirgi ya kai Nguru. Ƙasar Magariya mai rairayi da ruwan sama ta dace da gyaɗa ƙwarai, ga ta kuma kusa da jirgi. Sai gyaɗarmu ta riƙa bin kudu zuwa Kano, daga can jirgi ya kai ta bakin teku a Ikko. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA da UAC suna sayen gyaɗa da hannun dama, suna sayar da atamfa da tasoshi da fitilu da kekuna da hannun hagu. Kantunan ɓangaren Ingila suna kawo Rali, na ɓangaren Faransa suna kawo Peugeot. Da yake Kano ta fi kusa da mu bisa Yamai, kayan Kano ne suka fi shigowa. Shaida tana bakinmu har gobe: muna cewa taya, birki, feda, kariya, faci, sholisho, famfo. Duk daga Ingilishi suka zo, ta hanyar Kano.

Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, noman gyaɗa ya ƙaru, kuɗi ya shiga ƙauye. A 1953 Faransawa suka shirya wata dabara da suka kira Hirondelle, don a riƙa fitar da wani kaso na gyaɗar Nijar ta Dahome maimakon Najeriya. Bayan mulkin kai, a 1962, aka kafa SONARA mai sayen gyaɗa da UNCC mai kula da ƙungiyoyin manoma. A shekarun 1960 babu kayan da ya kai gyaɗa kawo wa Nijar kuɗin waje. Daga baya har masana'antar matsar mai aka kafa a Magariya, mai suna SEPANI.

A wannan zamani ne keke ya zama burin saurayi. In kaka ta yi, aka auna gyaɗa, aka biya haraji, abin da ya saura ana raba shi uku: aure, rediyo, keke. Kakana ya sha ba mu labarin nasa. Ya ce gyaɗar damina biyu ya tara. Ranar da ya shigo gari da shi bai iya hawa ba, turo shi ya yi tun daga kasuwa, yara na biye. Ya naɗe masa jiki da leda mai launi, ya sa madubi biyu da ƙararrawa. Daren farko a ɗaka keken ya kwana, akuya a waje.

Amma kada mu ɗauka ado ne kawai. Mu yi lissafi irin na aji. Mai tafiya a ƙasa yana cin kilomita 5 a awa guda. Mai keke a kan hanya mai ƙarfi yana cin 12 zuwa 15. Mutum na ɗaukar kilo 25 ko 30 a ka in tafiya da nisa. Keke mai kariya mai ƙarfi na ɗaukar buhu mai kilo 100. Ke nan gudu ya ninka kusan sau uku, kaya kuma ya ninka fiye da sau uku. Kasuwar da da sai an kwana a hanya, yanzu a je da safe a komo da la'asar. Wanda yake cin kasuwa ɗaya a mako ya koma cin uku ko huɗu. Haka ƙaramin manomi ya zama ɗan kasuwa da rani ba tare da ya bar gidansa ba.

Ba a nan kaɗai keke ya nuna ƙarfinsa ba. A 1954, a ƙasar Biyetnam, mayaƙan neman ƴanci sun yi jigilar shinkafa da harsasai cikin duwatsu a kan kekuna, ana ɗora wa guda kilo 200 ko fiye, ana turawa. Da taimakon wannan jigila suka ci sojan Faransa a Diyen Biyen Fu.

Fari ya sauko da keke cikin kwari

Komai ya yi farko yana da ƙarshe. Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwan sama ya fara ja da baya. A 1973 da 1974 aka yi babban fari. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ɗan ƙwaron nan mai tsotson ganye ke yaɗawa, ta cinye abin da ya saura. Manoma suka koma gero da wake. Masana'antun mai suka rasa gyaɗar matsa. Ƙarfen uraniyom na Arlit, wanda aka fara haƙa a 1971, ya karɓe matsayin gyaɗa a baitulmali.

A 1984 fari ya sake dawowa. Gwamnatin Seyni Kountché ta yi kira ga jama'a su shiga noman rani duk inda ruwa yake kusa. A ƙasar Korama an daɗe ana noman kwari, amma daga wannan shekara ya zama abin dogaro na gidaje masu yawa. To, a nan ne aikin keke ya sake. Gyaɗa kaya ce mai haƙuri, tana jira a buhu wata da watanni har babbar mota ta zo. Tumatir da salati da kifi ba su da haƙuri. In ba su kai kasuwa yau ba, gobe sun zama asara. Babbar mota ba ta shiga kwari. Amalanke na shiga, amma tafiyarsa ta sa ce. Keke ne kaɗai ke iya bin siririyar hanya tsakanin shinge da shinge, ya ɗauko kwando biyu, ya hau tudu, ya cim ma kasuwa kafin rana ta yi zafi.

Tun daga lokacin ne muka saba ganin mai rake ya ɗaure dami a gicciye, mai kifi da kwandonsa a baya, mai rogo, mai dabino, mai ƙuli-ƙuli. Kusan kowace kasuwa ta sami mai gyaran keke a gindin bishiya, da famfonsa da kwanon ruwansa na neman huji. Sabbin kekuna kuma suka shigo masu sauƙin kuɗi, Phoenix daga ƙasar Sin, Hero daga Indiya.

Akwai wani alheri da ya biyo bayan wahalar nan. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Magariya da Matamai da Mirya suka riƙa barin ƴaƴan gawo su tashi cikin gonaki maimakon sare su. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a jihohin Maraɗi da Damagaram itatuwa sun dawo a kan kadada wajen miliyan 5 ta wannan hanya. Gawo yana fid da ganye da rani, ya zubar da damina. Mai keke ya san amfanin wannan fiye da kowa, don a watan Afrilu, lokacin da sauran itatuwa suka tsaya tsirara, gawo ne ke ba shi inuwar da zai yi faci.

Hanyoyi huɗu

In muka dubi ƙasar a yau, za mu ga hanyoyin keke sun kasu huɗu.

Ta farko ita ce kwalta, babbar hanya mai lamba 11, wadda ta taso daga Damagaram, ta bi ta Bande, ta iso Magariya bayan kilomita wajen 90, ta zarce iyaka wajen Babban Mutum. Ita ce mafi sauƙin tuƙi, ita ce kuma mafi haɗari, saboda manyan motoci.

Ta biyu ita ce ta gabas, mai haɗa Magariya da Dungas, da rassanta zuwa Ɗancawo da Dogo-Dogo da Malawa. Ita ke kai mutane kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, a jihar Jigawa, kasuwar da ta shahara da dabbobi.

Ta uku ita ce ta tabkuna, daga Dungas a yi arewa zuwa Waca, a karkata gabas zuwa Guci, ko a zarce Hamdara a hau babbar hanya mai lamba 1. Gabas da can akwai tabkin Gidimuni, wanda aka sa cikin jerin tabkunan duniya masu muhimmanci a 2019. Wannan ita ce hanyar rake da dabino. A 2022 Bankin Raya Afirka ya amince da ba da kuɗin gina hanya mai kilomita 110 daga Hamdara, ta Waca da Dungas, zuwa iyaka.

Ta huɗu ita ce ta yamma, wajen Kwaya da Yekuwa da Sasumburum, mai fita Matamai ta arewa, Zango da Baure ta kudu. Ita ce tsohuwar hanyar zumuncin gidan Daura.

Amma waɗannan huɗu gaɓoɓi ne kawai. Jijiyoyin su ne ƙananan hanyoyi ɗaruruwa da ba su cikin taswira, waɗanda ke fita daga kowane kwari. Ni da ke bin su kullum zuwa azuzuwa, sun koya mini darasi uku. Na ɗaya, hanya tana da lokacinta: bayan ruwan sama rairayi ya kan daskare ya yi daɗin tuƙi, kwari kuwa ya cika sai an zagaya, da rani kwari ya bushe, tudu ya yi laushi sai turi. Na biyu, a cikin rairayi a rage wa taya iska kaɗan, don ta baje ta daina nutsewa. Na uku, kada a fita ba famfo da faci, don ƙayar aduwa da tsidau ba su san mai gaggawa ba.

Iyaka da babur

Sau uku cikin tarihin kwanan nan aka rufe iyakar nan: daga Afrilun 1984 zuwa Maris 1986, daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sa'an nan daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024. Kowane karo manyan motoci sun tsaya, farashin kaya ya tashi, mai lambu ya rasa rabin masu sayensa. Kowane karo kuma jama'a sun ƙara dogara ga kasuwannin kusa da ƙananan hanyoyin da ke kai su can. Haka kuma da aka karya darajar kuɗin sefa a Janairun 1994, kayan gyaran mota suka yi tsada, mai keke bai ji jiki kamar mai mota ba.

Daga shekarun 2000 baburan ƙasar Sin masu araha suka cika ƙauyuka. Kabu-kabu ya zama sana'ar samari. Gaskiya ɗaya ce, babur ya yi mana rana: ya fi sauri, ya fi iya rairayi, ya kai mai naƙuda da maras lafiya likita cikin dare. Ba wanda zai ce a koma baya.

Sai dai babur yana da ciki, kullum sai an ba shi mai. Mai kwandon tumatir guda, in ya biya kuɗin babur zuwa da dawowa, sau da yawa ribarsa ta tafi. Keke kuwa furar da mahayi ya sha ita ce mansa. Shi ya sa har yau ɗan makarantar da kwalejinsa ke wani gari, da mai ƙaramin lambu, da mai tallan kifi, suna nan a kan keke. Abin baƙin ciki shi ne an fara yi masa kallon alamar talauci. Saurayi ya gwammace ya ci bashin babur da a gan shi yana tuƙa keken ubansa. Hausawa kuwa sun ce kowa ya rena tsayuwar wata, ya hau ya gyara.

Abin da ya rage gare mu

Mu koma ga maganar dattijon nan. Abubuwa uku ne ke cin ƙananan hanyoyinmu. Na farko yawan jama'a: gonaki sun tsuke, kowa na ƙara taku. Na biyu rairayi da iska ke turowa daga tuddan da aka sare wa itatuwa, yana binne hanya, yana binne tabki. Na uku ruwa: a daminar 2020 da ta 2024 an yi ruwa mai yawa, tabkuna suka cika suka haɗe, wasu mashigai suka yanke. Ga kuma ciyawar kacala da ke rufe bakin ruwa.

Tarihin da muka ji ya nuna mana cewa hanyoyin nan ba wanda ya ba mu su kyauta. Fatake suka buɗe su, jakai suka tattake su, masu gyaɗa da masu rake suka raya su. Dukiyar gari ce, kamar rijiya da maƙabarta. Saboda haka ga shawarwari.

Mai gari da dattawa su zagaya hanyoyin kwari kafin shuka, a tabbatar da faɗin da keke mai dami da amalanke za su wuce. Dokar tsarin karkara ta Maris 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye. Kamar yadda ake kai musu maganar burtali, a kai musu maganar hanya, a rubuta ta a takarda. Ku da kuka koyi rubutu, nan ne wurin amfani da shi: ku rubuta sunan hanya, inda ta fara, inda ta ƙare, faɗinta taku nawa, da sunayen shaidu.

Samari su yi gayya sau ɗaya a shekara, bayan kaka, a zuba jar ƙasa inda rairayi ya yi yawa, a sare ƙaya, a dasa shinge mai rai a gefen da iska ke bugowa.

Duk inda ake gina sabuwar kwalta, jama'a su roƙi hukuma a bar gefe mai faɗi don keke da amalanke, a kuma yi mahaɗa mai kyau inda hanyar kwari ta hau titi. Kwaltar da mai lambu ba ya iya hawa da kayansa, rabin amfaninta ya tafi.

Mai keke kuma ya kiyaye kansa. Ya riƙe hannun dama, ya gyara birkinsa, ya sa fitila ko abu mai ƙyalli in dare zai same shi. In ya ji babbar mota a bayansa ya sauka gefe. Iyaye su bar ƴaƴa mata su koyi hawa, don yarinyar da ke da keke ba ta barin makaranta saboda nisa.

Dattijon nan, da na sake komawa ƙauyensu, ya ce mini sun zauna da maƙwabtansa a ƙofar mai gari, kowa ya janye shingensa taku guda. Ɗaya daga cikin ɗaliban aji ne ya rubuta takardar.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna bayan an rufe rediyo. Wa ya fara kawo keke garinku, kuma da kuɗin me ya saya? Hanyoyi nawa ne ke fita daga kwarinku zuwa kasuwa, nawa ne suka tsuke ko suka ɓace? Wane aiki za ku iya yi musu bana da hannunku? Ku tambayi tsofaffi tun suna raye, ku rubuta amsa, ku ba malaminku ya aiko mana.

Jama'a, nan za mu dakata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye matafiya, ya kai kowa gidansa lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.